Daga Zaure Zuwa Tsakar Gida: Yadda Adabinmu Ke Kallon Zaman Iyali

Akwai wani labari da marubutan Hausa suka ba da sau biyu, da tazarar kusan shekara talatin a tsakani. Attajiri ne yana zaune da iyalinsa, kasuwa ta buɗe masa, sai idonsa ya faɗa kan wata mace mai zaman kanta. Ya ƙi jin ta kowa, ya aure ta, gida ya watse, dukiya ta bi ta inda ta fito. Shu'aibu Maƙarfi ya ba da shi a wasan kwaikwayonsa Jatau Na Kyallu, Balaraba Ramat Yakubu kuma ta ba da shi a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na shekarar 1990. Ƙashin labarin ɗaya ne, amma wanda ya karanta su duka biyu zai rantse ba gida ɗaya aka shigar da shi ba. Dalili kuwa shi ne wurin da kowane marubuci ya shimfiɗa tabarmarsa: shi a zaure, ita a tsakar gida kusa da murhu.

Wasannin Maƙarfi 'ya'yan Kaduna ne, domin ta gidan rediyon garin jama'a suka fara jin su a ƙarshen shekarun 1950, kafin a mayar da su littattafai. Zamanin Nan Namu ya fito a 1959. Kuma ba mamaki a ce a Kaduna aka haifi irin wannan damuwa. Tun da Turawa suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo Kaduna a 1917, garin ya zama matattarar baƙi: sojoji, ma'aikatan jirgin ƙasa, akawuna, masinjoji, 'yan tireda. Mutum ya baro Katsina ko Sakkwato ko Bida, ya kama ɗakin haya a Tudun Wada ko Unguwar Shanu, babu uba kusa, babu kawu, babu goggon da za ta leƙo ta ga yadda yake riƙe da matarsa. Ga albashi a aljihu duk ƙarshen wata. Abin da dattawa ke kira zaman bariki ke nan, kuma tsoronsa ne ya cika rubutun Maƙarfi. A wurinsa gida lafiyayyen abu ne, ɓarna daga waje take shigowa, ta hannun zamani ko ta hannun mace irin Kyallu. Mai sauraro yana tare da Jatau da abokansa, yana jin shawarar da aka ba shi ya watsar, yana bin sa har inda ya ƙare. Asarar da ake auna masa ita ce ta dukiya da ta mutunci a idon maza. Iyalin da aka wulaƙanta suna nan, amma kamar daga bayan katanga ake jiyo su.

Kada a ce duk mazan wancan zamani haka suka rubuta. Mohammed Sada a Uwar Gulma ya ɗora laifi kacokan a kan miji, Hayatu, mashayi mai cin zalin matarsa Halima. Sai dai ko a nan, yawancin maganar tsakanin manya ake yin ta, iyaye da masu sulhu da masu shari'a, ana neman yadda za a yi da Halima.

Da Balaraba ta zo sai ta juya kallon gaba ɗaya. Rabi, uwargidan Alhaji Abdu, tana da 'ya'ya tara, kuma littafin ya fara nuna mana wahalarta tun kafin amarya Delu ta shigo: kuɗin cefanen da ba ya isa, miji mai cin daɗi a waje yana barin yara da abin da ya samu, ɗawainiyar makaranta da ta koma wuyan uwa. Wato gidan ya riga ya tsage, Delu ta tarar da shi ne a haka. Wannan shi ne babban bambancin, kuma ba ƙarami ba ne. Bayan an kori Rabi da 'ya'yanta, marubuciyar ba ta bi alhaji zuwa ɗakin amarya don mu ga yadda zai ƙare ba. Ta bi Rabi, ta nuna yadda ta kama sayar da abinci, yadda 'yan uwanta suka tallafa, yadda ta aurar da 'yarta Saudatu. Mai karatu yana gama wasu shafuka ya san abin da ake kashewa kafin tukunyar mutum goma ta tafasa. Na daɗe ina ganin cewa wannan lissafin cefane shi ne sabon abin da mata suka kawo wa adabin Hausa, fiye da zancen soyayyar da aka fi saninsu da shi. Kishi da saki tsofaffin jigogi ne, suna cikin waƙoƙin daka da na niƙa tun kaka da kakanni. Amma a zauna a rubuta cewa rowar miji zalunci ce mai lissafi, a nuna ta kwabo-kwabo, wannan sai wanda ya taɓa riƙe ludayi.

Ƙarshen littafin ma abin dubawa ne. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta kama gabanta, sai mazan dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Ta koma, ba don ranta ya so ba. Wanda ya karanta da idon zaure zai ce alhamdu lillahi, an yi sulhu, gida ya haɗu. Wanda ya karanta da idon tsakar gida zai ga mace ce da ta tsaya da ƙafarta, aka dawo da ita ta yi jinyar wanda ya tozarta ta. Balaraba ba ta raba wannan gardama ba, ta bar wa mai karatu. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara 13, kuma a Wa Zai Auri Jahila? ta ba da labarin Abu, wadda aka aurar wa tsoho Sarkin Noma, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa ya kai ga masu karatun Ingilishi a 2012, ta fassarar Aliyu Kamal da wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ya buga.

Irin waɗannan littattafai ba su samu maraba daga kowa ba. Ibrahim Malumfashi, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Jihar Kaduna, shi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsu rubutun gaggawa ne da ba zai daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, kuma a shafukan jaridar New Nigerian ta nan Kaduna aka yi wani babban kaso na wannan muhawara a ƙarshen shekarun 1990. Iyaye ma sun yi ta ƙorafin cewa littattafan suna koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin magabata, musamman bayan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda Sumayya ta faɗa rijiya don guje wa auren da ba ta so. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Akwai tarkace da yawa a cikin abin da aka buga. Amma auren dole da sakin wulaƙanci ba marubuta suka ƙirƙiro su ba, sun tarar da su ne a gidajen da suka tashi.

Inda nake ganin adabinmu ya gaza shi ne wajen farin ciki. Baƙin cikin iyali mun iya shi tun farko. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933, uwa ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare hamada, ta gan shi ne kawai daf da rasuwarta. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, kuɗi ya raba Abubakar da Zainab, ramuwar gayya ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Waɗannan suna taɓa zuciya har gobe. To amma ina daɗin? A yawancin littattafanmu daɗin iyali lada ne da ake biya a shafin ƙarshe, kuma da dukiya ake biyan sa. Wannan gado ne daga tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa: wadda aka wulaƙanta ta yi haƙuri, ta auri ɗan sarki, ta dawo da raƙuma da bayi. Ko Balaraba ba ta kuɓuta ba, domin sanyin da Rabi ta samu ya zo ne ta auren Saudatu da attajiri Alhaji Abubakar. Marubutan da suka biyo baya kuwa sai suka mayar da abin jerin kaya: akwatunan lefe kaza, gida a unguwar masu hali, mota, tafiya Umara, haihuwar tagwaye. Yarinyar da ta karanta irin wannan ashirin a ɗakin uwarta a Badarawa, me za ta ɗauka game da gidan malamin firamare da za a kai ta?

Alhali kuwa daɗin gidan Bahaushe ba a ɓoye yake ba. Akwai wasan jika da kaka, inda tsohuwa ke kiran jikanta mijinta tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. Akwai tsokanar taubasai, da kunyar ɗan fari da ke sa uwa ta kasa kiran sunansa alhali shi ne ranta. Akwai hayaniyar ranar suna, da kitso da lallen jajibirin salla, da kishiyoyin da suka shekara talatin tare har ɗaya ba ta iya cin abinci in ɗayar tana asibiti. Littafin da na ga ya kama wannan sosai ba ma ƙagaggen labari ba ne. Tarihin rayuwar Baba ta Karo ne, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Ingilishi a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta ba da labarinta da kuka ba. Ta yi maganar 'ya'yan da aka ba ta riƙo, da ƙawayenta, da bukukuwa, da auren da ta yi don biyayya da wanda ta yi don so, duk a murya ɗaya. Daɗi da ɗaci a kwano guda suke, kamar yadda suke a kowane gida.

Sai kuma rediyo da talabijin na Kaduna, waɗanda suka riƙe wannan ɓangare fiye da littafi. Gidan rediyon da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, wanda ya koma Rediyon Tarayya a 1978, ya shekara da shekaru yana shigar da wasan kwaikwayo cikin gidaje. Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan daga can ya fito kafin ya zama littafi. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya mayar da zaman barikin soja abin dariya, Ƙasimu Yero kuma ya yi Karambana a talabijin. Abin da wasa mai fitowa mako-mako yake da shi wanda littafi ba shi da shi, shi ne ba dole ne ya kashe aure kafin ya samu labari ba. Ana iya yin rigima kan bashin maƙwabciya ko baƙon da ya ƙi tafiya, a yi dariya, a shirya, mako mai zuwa a sake. Iyali kuma tare suke saurare, maigida da matansa da yara, kowa na satar kallon wanda abin ya taɓa.

Yau rubutun ya koma waya. Matan aure da 'yan mata suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biya ta banki, suna kuma gaya wa marubuciya abin da suke so ya faru da muguwar uwar miji. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta fito da gajerun labarai masu nauyi a kan gudun hijira, maraici da fyaɗe. Ƙofar tsakar gida dai ta buɗu, ba mai iya rufe ta kuma.

Duk da haka, gidan da aka fi zanawa har yanzu gidan alhajin Kano ne ko na hamshaƙin Abuja. Gidan Kaduna na jiran marubucinsa. Ina nufin gidan haya mai ɗaki goma a Unguwar Dosa ko Hayin Banki, inda Bazazzagiya da Banufiya da Bayarabiya ke layin famfo ɗaya, kowace ta san ranar da ba a ɗora tukunya a ɗakin 'yar uwarta ba, ta aika yaro da kwano ba tare da ta ce komai ba. Ina nufin ɗan fansho a Kawo da 'ya'yansa masu digiri ke zaune a gabansa. Akwai kuma iyalan da rikicin 2000 da na 2002 ya tasa daga kudancin kogin Kaduna suka dawo Rigasa da Tudun Wada, suka bar maƙwabtan da suka yi wa 'ya'yansu wankan jego a ɗaya gefen gada. Yaran da aka goyo a wancan ƙaura yanzu sun haura shekara ashirin, wasunsu ma da nasu 'ya'yan, kuma da yawansu suna rubutu a waya.