Masu Kwana a Aji: Ɗalibin Jami'a a Lokacin Jarrabawa

Da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa a allon sanarwa, harabar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sai ta canza kama. Filin ƙwallo ya yi tsit. Masu fotokwafi ba sa samun sararin cin abinci, don kowa na neman tambayoyin shekarun baya. Kujera a Laburaren Kashim Ibrahim kuwa sai mai sammako, shi ma sai ya bar jaka a kai idan zai fita salla.

Dare ne ke nuna ainihin lamarin. Bayan isha'i za ka ga ɗalibai suna fitowa daga ɗakunan kwana na Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo, wani da bargo a kafaɗa, wata da fitila mai caji da filas ɗin shayi. Sun nufi azuzuwa, ba za su dawo ba sai an kira asalatu. Sukan ce za su yi TDB, wato karatu har gari ya waye. Wajen ƙarfe uku, rabin ajin ya kife kai a kan benci. Sauran suna tauna goro, suna korar sauro, suna maimaita layin da suka karanta ɗazu bai zauna ba. Idan jarrabawar ta faɗo cikin hunturu, sanyin Zariya ba ya raga wa kowa.

Kada a yi saurin cewa lalaci ne ya sa suka bar karatu sai yanzu. Akwai malalata, amma tsarin ma yana da nasa laifi. Zangon karatu ya kamata ya ɗauki kusan mako 15 na darasi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya tashi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan wanda aka yi a 2020 mai kusan wata tara. Jami'o'in gwamnati suka dawo da bashin lokaci, aka riƙa matse zango don a cimma kalanda. Ɗalibi mai kwas tara ko goma sai ya tarar an zuba masa rabin manhaja a makonnin ƙarshe.

Ga kuma lissafin da ke hana barci. Gwaje-gwajen cikin zango ba su wuce maki 30 ko 40 cikin 100 ba, saura duka yana rataye a kan zaman awa biyu ko uku. Mai neman digiri ajin farko dole matsakaicin makinsa ya kai 4.50 cikin 5. Wanda ya faɗi kwas zai ɗauke shi zuwa baɗi, idan kuma a ajin ƙarshe yake, ƙarin shekara ke nan: wani kuɗin rajista, wata hayar ɗaki, da idon uban da ya sayar da buhunan masara don a biya na bana. Wannan tsoron ne ke kai wasu ga shiga da takarda a safa, abin da hukuncinsa kan kai ga kora.

Jarrabawa tana zuwa ne daidai lokacin da guzuri ya ƙare. Shinkafar da aka zo da ita daga gida ta kai gindin buhu, sai garau-garau, sai gari da sukari, sai awara da yaji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na kwano suka tashi tare, har wasu mazauna cikin gari suka gwammace su kwana a aji da su biya kuɗin zuwa da komawa. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce ɗaliba mai goyo. Ta girka na dare, ta lallashi yaro, sannan ta buɗe littafi. Da safe ta bar jaririn a hannun ƙanwarta a gindin bishiya kusa da zauren jarrabawa, tana rubutu kunnenta na waje.

Abin takaici, kwanan zaunen nan ba ya biyan wahalarsa. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka cusa wa kai a zama ɗaya yana zubewa da sauri, wanda aka maimaita a ranaku daban-daban kuwa yana daɗewa. Binciken baya-bayan nan ya ƙara da cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Alarammomin tsangaya sun riga kowa sanin haka: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, wanda ya zauna ma sai an bi shi da tilawa kullum. Ɗalibin da ya yi hadda daren Lahadi zai iya juye ta ranar Litinin ya ci, amma a tambaye shi bayan wata guda. Idan likita ne ko injiniya, asarar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Gyaran ba duka ne ke buƙatar kuɗi ba. A bar makon bita ya zama na bita, kada malami ya mayar da shi na ƙarasa darasi. Masu tsara jadawali su daina ɗora wa aji ɗaya manyan kwasa-kwasai biyu a rana guda. A yawaita ƙananan gwaje-gwaje tun farkon zango, a kuma mayar wa ɗalibi takardarsa ya ga inda ya yi kuskure. Wutar lantarki ce mai tsada, musamman tun ƙarin kuɗin da aka yi wa masu amfani da wuta na rukunin A a Afrilun 2024, amma ko ba a iya haska jami'a duka ba, a sa wa manyan azuzuwa da laburare sola, a bar su a buɗe da masu gadi har tsakar dare, sannan a rufe, kowa ya je ya kwanta.