Mma ta faɗi a banɗaki: abin da gyaran gidanmu na Kokomlemle ya koya mini

Ana kiran assalatu muka ji ƙarar buta ta bugi ƙasa, sai kuma salati. Kafin in fito daga ɗaki ƙanwata ta riga ni isa ƙofar banɗaki, amma ƙofar ta ƙi buɗuwa, don ciki take buɗewa, kuma Mma tana kwance a bayanta. Sai da muka ɓalle langa-langar muka ɗauko ta. Tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ta je alwala, gansakuka ta kwashe ta, wuyan hannunta na dama ya karye.

Muna cikin tasi za mu asibiti ta riƙo rigata da hannun hagu ta ce, "Kai, kar ka gaya wa mutane inda na faɗi." Ba ciwon ne ya fi damun ta ba, kunyar wurin ce. Ni ma kunyar ta kama ni. Falonmu akwai tayil da talabijin ta bango, ƙofar gida mun yi mata fenti da sallar layya, amma wurin da uwarmu take shiga sau biyar ko fiye a rana yana nan yadda Baba ya bar shi.

Baba ya gina gidan nan a shekarun 1960, bayan ya taso daga Nima. Banɗakin zamaninsa kowa ya san shi: ɗaki biyu ƙanana a ƙarshen tsakar gida, ɗaya na wanka, da dutse a tsakiya da rami a gindin bango wanda ke kai ruwa kwata, ɗaya kuma bayan gida na bokiti, mai 'yar ƙofa ta baya inda masu kwasa ke zuwa da dare su ɗauka a ka. A 2008 Kotun Ƙoli ta Gana ta yanke hukuncin a daina wannan, a ƙarar da lauya Nana Adjei Ampofo ya shigar, saboda ɗaukar ƙazanta a ka cin mutuncin ɗan Adam ne. Hukunci mai kyau, amma me ya biyo baya a zango? Mu dai muka haƙa rami muka ɗora siminti. Gidaje da yawa a Nima da Maamobi kuwa toshe wurin suka yi, aka shafe, aka sa taga, ya zama ɗakin haya. Ga kuɗi na shigowa, mutanen gida kuma sai layin bayan gidan gwamnati.

Wannan lissafin ne na fara kaiwa taron gida. Gida mai mutum ashirin, in kowa ya biya sidi ɗaya a rana sau ɗaya tak, sidi 600 ke nan a wata, 7,200 a shekara. Ba a sa na mai gudawa ba, ba a sa tsoron budurwar da za ta fita ƙarfe biyun dare ba. Kuma ba mu manta da 2014 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, fiye da 240 suka rasu, kuma Ankara ce ta fi shan wuya.

Taron ya fi aikin wuya. Gidan gado ne, mu tara ne a kansa, uwa biyu. Wanda ke Jamus ya ce a waya shi ba ya amfani da wurin. Yayanmu na Kumasi ya ce 'yan haya su biya. 'Yan haya suka ce ba za su gyara gidan wani ba, gobe a ƙara musu kuɗi. Sai da kawunmu ya tsawata ya ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba gado muka zo rabawa ba, ƙafar uwarku muka zo tsarewa." Aka tsayar: magada su ɗauki kuɗin gini, a cire daga hayar da ake rabawa, 'yan haya su shiga kuɗin ruwa da sabulu, kuma aka rubuta cewa ba za a ƙara haya saboda gyaran ba sai wa'adi ya cika. Kowa ya sa hannu. Ina ba duk mai gidan gado shawara, kar ka sayi buhun siminti ko ɗaya kafin wannan takarda.

Ni da farko tayil nake kallo a waya. Maginin da muka samu, wani dattijo, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Masta, banɗaki daga ƙasa ake fara shi. Gaya mini inda ruwa zai tafi, sannan mu yi maganar ado."

Ramin da muke da shi ya cika, motar zuƙa kuma ba ta iya shiga lungunmu. Don haka muka zaɓi akwatin nan na siminti da kowa ke kira daijesta. Aikinsa ba wuya: a ciki akwai matata da zaren ɓawon kwakwa, ruwa ya tsiyaye ya wuce sokawe, abin da ya rage ƙananan halittu su cinye shi a bushe. Ba ya cin wuri, shi ya sa ya dace da gidajen zango. Shirin tsafta da ruwa na GAMA, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 150 a 2013, irin wannan ya yi ta gina wa gidaje a kan rangwame. Kafin ka kira ɗan kwangila, leƙa ofishin tsafta na Asambili ka tambaya: Ayawaso ta Tsakiya ga mu na Kokomlemle, ta Gabas ga Nima, ta Arewa ga Maamobi.

Amma fa akwai abin da ya shafe mu Musulmi musamman. Mu da ruwa muke tsarki, gidanmu kuma buta ba ta hutawa. Daijesta kuwa in ruwa ya kwanta a cikinta ta mutu, sai wari. Saboda haka aka faɗaɗa sokawe, aka ware bututun wanka da na alwala daban, ko ɗigo ba ya shiga akwatin. Aka kuma kafa doka: ba a jefa leda, ko audugar mata, ko kunzugun yara, ba a kuma tuttula Parazone a masai, don yana kashe halittun da ke yin aikin.

Na biyu, ambaliya. Wanda ya kwana kusa da Circle daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa da gobarar gidan mai suka ci rai sama da 150, ba sai an yi masa bayani ba. Mu ranar ruwa ya shigo tsakar gida har gwiwa, ramin ya yi amai. Don haka aka ɗaga murfin daijesta sama da ƙasa, aka ɗaga daɓen banɗakin. Sai dai ba a yi matakala ba, gangare aka yi mai sauƙi, saboda gwiwar Mma.

Na uku, alƙibla. Daga Ankara tana gabas maso arewa. Mai aikin famfo ba Musulmi ba ne, ya zana wurin masai ya fuskanci can daidai. Limamin masallacinmu ya ce a Malikiyya in cikin gini ne akwai sauƙi, amma tunda ba a zuba siminti ba, me zai hana a karkata? Aka juya shi. Ba a kashe ko kwabo ba, don tun a zane aka gani.

Rigima ta gaba a kan masai ce. Samari suna son na zama, tsofaffin maza suka ce na tsugunno ya fi tsarki. Da yake ɗaki biyu muka samu bayan mun rushe tsohon sito, muka yi kowanne ɗaya. A na zama aka sa ƙarfen riƙo a bango, da famfo ƙasa-ƙasa a hannun dama inda buta ke shiga. A wajen alwala aka gina ɗan benci na siminti, mutum ya zauna ya wanke ƙafa ba sai ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe ba. Duk ƙofofin waje suke buɗewa yanzu. Wannan ba wanda ya yi musu a kai.

To, ga inda na yi nawa kuskuren. Na ga wani tayil fari mai walƙiya an karya masa kuɗi, na kwaso ba shawara. Dattijo ya ajiye ɗaya a ƙasa, ya zuba masa ruwa da ɗan sabulu, ya ce in taka da silifa. Wallahi da bai riƙe ni ba da ni ma an kai ni inda aka kai Mma. Araha ba ta ado. Farin ya koma bango, muka sayo mai kaushi na ƙasa. Ƙanwata ma ta hana a sa ƙananan tayil masu yawan layi, ta ce, "Yaya, ku maza ba ku ne ke durƙusawa da buroshi ba." Da a taron farko an tambayi matan gida, da mun rage ɓarna.

Kafin a biya magini kuɗin ƙarshe ya sa na juye bokiti guda a kowane lungu, muka tsaya muna kallo. In ruwa ya tsaya ko'ina, gangaren bai yi ba, gansakuka za ta dawo. Wuri ɗaya ya tsaya, ya fasa ya sake. Muka ɗora tankin roba a sama tunda famfo ba kullum yake zuwa ba, muka buɗe taga da raga a sama don iska, muka sa fitila mai caji saboda dumso.

Sauran aikin na kullum ne. Bayan mako biyu wani ya bar wurin kaca-kaca, kowa ya ce ba shi ba ne. Yanzu akwai takarda a bango, kowane ɗaki da ranarsa, har ɗakin samari. Ranar Asabar tawa ce. Da na fara, matan gida sun yi ta dariya, yanzu sun daina.

Muna alfahari da Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, kowa ya ga wajen alwalarsa sai ya yaba. Amma sallar da ake yi a can, tsarkinta daga gida yake farawa. Muna yawan cewa tsafta cikon addini ce, mu kuwa mun bar ta a ƙarshen tsakar gida bayan langa-langa.

An cire wa Mma filasta, sai dai hannun bai koma daidai ba, da hagu take ɗaga buta. Ran nan ƙawarta ta zo daga Maamobi gaishe ta. Da la'asar ta yi, na ji Mma tana ce mata, "Hajiya, tashi ki yi alwala, ga wuri can, ki zauna a benci." Da can in baƙuwa ta nemi kewayawa, Mma sai ta fara ba da haƙuri. Hajiyar ta fito tana tambaya ta lambar maginin, ta ce amma su a gidansu magada goma sha huɗu ne. Na ce mata ta fara neman kawu mai tsawa.