Ƙashin da Ake Gasawa Kamar Tukunya

Yau maganarmu a kan karaya ce.

Karaya iri biyu ce. Akwai wadda ƙashi ya rabu biyu kawai. Akwai kuma wadda ƙashi ya farfashe, wani yanki ya fita, kamar a haɗarin babur ko harbin bindiga. Wannan ta biyu ta fi ƙarfin maɗori, don kara da tsumma ba su cike gurbi.

To, da me likita yake cikewa? In kun ƙone ƙashin saniya, farar tokar da ta saura ita ce kalshiyam fosfet. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashinku wannan sinadari ne. Tun 1920 wani likitan Amurka, Fred Albee, ya gwada shi a ƙashin zomaye. Yanzu ana haɗa shi a masana'anta, a gasa shi kamar tukunya, a bar masa 'yan ƙofofi kamar na soso. In an sa shi a gurbin, jijiyoyin jini su ratsa ƙofofin, sabon ƙashi ya bi su ya tsiro.

Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, yana da gautsi, ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai, sai an tallafa masa da ƙarfe ko filasta. Na biyu, ba ya kamawa a miki mai mugunya.

Saboda haka in kun ga ƙashi ya huda fata, ku rufe da ƙyalle mai tsabta, ku kai mutum asibiti a ranar. In an tura ku Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kada ku yi nawa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.