Zoben Wuyan Ƙota: Inda Ribar Wuƙar Maƙera Take

KAFANCAN – Da zarar kakar citta ta kama a ƙasashen Jaba da Kaciya da Jama'a, kasuwar wuƙa kan tashi, domin da hannu ake tsaga citta kafin a shanya ta. Mai saye kan gwada kaifi da babban yatsa, ya biya, ya tafi. Amma ba daga kaifi wuƙar aiki take mutuwa ba. Daga wuyan ƙota ne, inda ƙarfe ya shiga itace.

A wannan gaɓa ce maƙeri yake ɗaura zoben ƙarfe, galibi guntun bututu da aka yanko, ko tagulla idan wuƙar ta ado ce. Sai ya fara fere bakin ƙotar har ya ɗan fi ramin zoben kauri. Daga nan ya gasa zoben ya buɗe, ya doka shi ya zauna. Yayin da yake hucewa sai ya tsuke, ya damƙe itacen. Bayan haka ne ake cusa wutsiyar wuƙar da zafinta, ta ƙona wa kanta mazauni. Ba don zoben ba, wutsiyar tsaga ƙotar za ta yi kamar yadda gatari ke faskare.

Sharaɗin da aka fi sakaci da shi shi ne bushewar itace. Ƙotar da aka fere da ɗanyen itace kan motse idan hunturu ya busa, zobe ya yi sako-sako, ruwan citta ya sami hanya, tsatsa ta ci wutsiya daga ciki. Hunturun kuwa shi ne lokacin aikin.

Manyan masana'antun Solingen ta Jamus sukan ƙera wannan gaɓa haɗe da ruwan wuƙa daga ƙarfe guda, aikin da ke bukatar injin da maƙerin kasuwa ba shi da shi. Jarinsa gawayi ne da lokaci, zoben kuma yana cin duka biyun. Tun da mai saye ba ya iya bambance zoben da aka gasa da wanda aka zura kawai sai bayan makonni, mai ha'inci da mai gaskiya farashi ɗaya suke sayarwa.

Cutar da ta halaka gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna a 2023 ta ƙara tsananta lamarin: manomin da ya yi asara wuƙa mafi araha yake nema, ko da zai sayi biyu kafin kaka ta ƙare.