Sankara Da Toshewar Jijiyar Jini: Haɗarin Watanni Shida Na Farko

Tun shekarar 1865 likitan Faransa Armand Trousseau ya lura cewa jinin masu ciwon daji yana saurin daskarewa. Sai dai an daɗe hankalin likitoci yana kan gudan jinin da ke toshe jijiyoyin ƙafa, masu mayar da jini zuwa zuciya. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da tsokar zuciya ba su samu irin wannan kulawa ba, alhali toshewarsu ce ke kawo shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya. A ganina, duk wanda aka tabbatar yana da sankara, ya kamata a sa ido kan zuciyarsa tun daga ranar.

A 2017 Dakta Babak Navi da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta dattawa kusan 280,000 da aka gano musu sankara da takwarorinsu marasa ita. Cikin watanni shida, kashi 4.7 cikin 100 na masu cutar sun gamu da bugun zuciya ko shanyewar jiki, a takwarorinsu kuwa kashi 2.2 ne. Masu sankarar huhu sun haura kashi 8. Dalili kuwa, ƙarin sankarar da ke jiki yana zuba wa jini sinadaran da ke daskarar da shi, magani irin su cisplatin kuma yana raunata bangon jijiya. Wani zai ce ai tsufa da shan taba ne ke haddasa cututtukan biyu. Suna da nasu hannun, amma ɓarnarsu a hankali take taruwa. Wannan haɗari kuwa yana tashi ne daidai lokacin da cutar ta bayyana, ya lafa bayan kamar shekara guda, alamar cewa ita kanta sankarar tana da laifi.

To me zai hana a ba kowa maganin tsinka jini? Domin ƙarin ciki da na hanji suna zubar da jini, allurar sankara kuma tana rage ƙwayoyin da ke tsayar da shi, garin neman gira sai a rasa ido. Abin da ya fi shi ne auna hawan jini da suga, barin taba, da sanar da masu jinya alamomin. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, kada a ce wahalar magani ce a jira gari ya waye. Allurar narkar da gudan jinin ƙwaƙwalwa cikin awa huɗu da rabi da fara alamomin ake yin ta, saboda haka a nufi asibiti nan take.