Ƙasa Ta Cika, Bango Yana Hutu

Duk wanda ya taɓa zaman haya a unguwannin Kano irin su Kurna ko Rijiyar Lemo ya san ɗakin nan da magina ke kira sha biyu sha biyu. Tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 12. Da zarar an kafa gado mai ƙafa 6 ta kowane gefe, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin ya tafi. A shigo da kabad, a jibge akwatunan lefe, a tura buhun shinkafa bayan ƙofa, sai a wayi gari wurin shimfiɗa darduma ma sai an ɗaga wani abu. Nan za ka ji ana cewa, "Ɗakin nan ya yi mana kaɗan." Amma ɗaga kai ka dubi bango: daga kafaɗarka zuwa silin babu komai sai agogo da kalanda. Ƙasa ce kawai ta cika.

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. A ɗakin ƙasa akan saƙa ragaya da igiya a rataye ta a rufi, a ɗora ƙwaryar fura ko nono inda ɓera da kyanwa ba sa kaiwa. Akan fafe alkuki a jikin bango don ajiye fitila. Ko jeren amarya, sama yake tafiya: kwalla kan kwalla, tasa kan tasa. Dabarar tana nan, kayan aikin ne suka sauya.

Sai dai kafin a kira kafinta, a fara da aikin da ba ya cin ko sisi, wato rage kaya. A zaɓi ranar hutu a fito da komai tsakar gida, a kasa uku: abin da ake taɓawa kullum, abin da sai lokaci-lokaci, da wanda aka shekara ba a waiwaye shi ba. Kashi na uku shi ne ɓarawon wuri. A nan ake samun ankon bikin da aka sa sau ɗaya, kular da murfinta ya ɓata, fankar da ta ƙone tun bara, da takalman da yara suka wuce. Magana ɗaya ce ke tsaron su: "Ai wata rana za su yi amfani." Tufafi masu kyau akwai mabuƙata a dangi da maƙwabta, ƙarfe da roba kuma masu jari-bola za su saya. Kayan ɗakin da iyaye suka sha wahala suka yi wa 'yarsu ba a ce a rabu da su ba. A bar saiti ɗaya a hannu, sauran a saka ƙarami cikin babba, a ɗaure, a ɗora saman kabad.

Daga nan sai bango. Falankin katako ɗaya da ƙarfe biyu masu kusurwa sun isa su zama kanta, kuma kafintan bakin layi yakan samu guntayen katako da zai sayar da araha. A auna wurin da igiya kafin a je, don kada a yanko abin da zai hana ƙofa buɗuwa. Kanta biyu ko uku, wata bisa wata, za su kwashe littattafan yara, kayan shafa da kwanuka. Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Bayan ƙofa kuma ƙusa huɗu ko biyar a jikin ɗan katako za su ɗauke hijabi, jakar makaranta da hula. Ɗan haya ya fara neman izinin mai gida kafin ya huda bango. In ya ƙi, a yi kanta mai tsayuwa da ƙafafunta, doguwa siririya, wadda ranar tashi za a saɓa a tafi da ita.

Ƙarƙashin gado ma ɗaki ne guda. Bargo da rigunan sanyi aikinsu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, sauran watanni zaman kashe wando suke yi a kabad. A wanke su, a shanya su bushe sarai, a zuba a roba mai murfi irin wadda ake samu a Kasuwar Ƙofar Wambai, a jefa kafur, a tura ƙasan gado. A guji ajiye kwali a kan siminti, domin danshin Agusta yana ruɓar da shi, ga shi gara da kyankyasai sun ɗauke shi gida.

Kayan abinci su ma a raba su da buhu. Bokiti mai murfi yana kare gero da garin tuwo daga ɓera, kuma ana iya ɗora wani kan wani. Wake in ya bushe aka rufe shi yadda iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya samun sakewa. Kwalaben da aka gama da su a wanke, a zuba kuka, daddawa, kanwa da yaji, maimakon ƙullin ledoji goma da sai an kwance kowanne kafin a san abin da ke ciki.

Akwai kuma abin da matsi bai halatta ba. Kananzir a gorar lemo, fiya-fiya da magunguna ba sa zama inda hannun yaro zai kai. Fetur ɗin janareto ba ya kwana a ɗaki. Dogon kabad kuwa a ɗaure shi ko a tokare shi, don yaro kan mai da durowa tsani.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowane abu a ba shi mazauni, kuma kowa a gidan, har maigida, ya riƙa mayar da abin da ya ɗauka. Mai son sanin ko gyaransa ya yi, ya jira daren da aka ɗauke wuta. In ya miƙa hannu ya laluɓo tocila bai ture kwano ba, da asuba kuma ya shimfiɗa darduma bai ɗaga komai ba, to ɗakin ya ishe shi.