Harshen gargaɗi cikin shirin ko-ta-kwana na gari

A daren 2 ga Disamba 1984, wajen tan 40 na wata guba mai suna metil izosiyanat suka ɓalle daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide, a garin Bopal na ƙasar Indiya. Dubban mutane suka mutu cikin ƴan kwanaki. Mazauna unguwannin da ke manne da masana'antar ba su san abin da aka ajiye kusa da su ba, balle abin yi. Da yawa suka fita da gudu, gudu kuwa yana sa a ƙara shaƙar gubar, alhali jiƙaƙƙen ƙyalle bisa fuska da ya rage ɓarnar. Bayan wannan ne Amurka ta yi doka a 1986 wadda ta kafa kwamitocin shirin gaggawa na yankuna, kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsarin APELL a 1988. Tushensu guda ne: hukuma da mai masana'anta da mazauna su san haɗarin, su shirya ma shi tare tun bai auku ba.

Zancen ya shafe mu. An buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, motocin dakon mai kuma suna ratsa garuruwanmu dare da rana. A watan Mayu 2019 wata ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu.

Abin da muke so mu duba a nan shi ne lafazin gargaɗin. Da Faransanci ake rubuta irin wannan shiri, umurninsa kuma iri biyu ne: « évacuation », wato a bar wurin, da « confinement », wato a shige ɗaki a kulle. Na farko ba wuya. Na biyu an yi shi ne don gidan da ke da taga mai rufuwa ruf. Mu kuwa da bazara a tsakar gida ake kwana, ƙofar ɗaki sau da yawa labule ce ko asabari. Saboda haka fassara kalmar ba ta isa. Sai an faɗi aikin ɗaya bayan ɗaya:

(1) Ku shiga ɗaki, ku toshe ƙofa da taga da jiƙaƙƙen zane, ku buɗe rediyo.

Mun zaɓi "ku" bisa "a". Lamirin "a" shi ne na sanarwar hukuma, yana da ladabi, amma ba ya nuna kowa, mai ji na iya ɗauka da wani ake.

Kalmar "iska" ta fi ba mu wahala. Ita ce wadda muke shaƙa, ita ce mai kaɗawa, da ita ake kiran gas, ga kuma iskokin bori. In mai shela ya ce "ku guji iska", wace ke nan? Ga gubar da ake gani muna ganin "hayaƙin guba" ya fi, domin kowa ya san hayaƙi yana bin iska. Ga wadda ba a gani sai a ƙara da cewa: ko ba ku gan shi ba, yana nan. Ƙa'idar ita ce a tafi a gicciye, kada a bi inda iska ta nufa. Amma mutum a firgice ba ya tsayawa auna iska, gara a ambaci wuri:

(2) Ku yi kudu, wajen tasha. Kada ku yi yamma.

Wannan na nufin kowace unguwa da jimlolinta, a rubuta su tun yanzu, masu unguwa da limamai da ma'aikatan rediyo su riƙe kofe, a gwada su gaban mata da yara a ji abin da suka fahimta.

Saura farantin nan mai ruwan lemu da ke jikin motar dako. Lamba 33 bisa 1203 esansi ke nan, 30 bisa 1202 gazuwal. Ƴan kwana-kwana ke karanta su. Ga ɗan kabu-kabu jimla guda ta isa, a riƙa maimaita ta a tasha da makaranta: in motar mai ta kife, kashe babur, yi nisa, kira lamba 18.